Bakin Malama Shiru

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, amma sai in yi kwana uku ban ji ko tarinta ba. Shi ya sa na raɗa mata Malama Shiru. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ta haura arba'in lokacin da ta shiga jami'a karatun aikin jinya, cikin yaran da ta isa ta haife su. Kafin nan shekara goma sha ɗaya ta yi tana jinyar mahaifinta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ma ta ɗauke. Ita ce juyi, ita ce wanka, ita ce ba da abinci a cokali. Yayyenta maza ta waya suke duba shi. Da ya rasu aka raba gida, ta zo ta kama ɗaki a gidan hayarmu da akwati ɗaya da tukunya biyu.

Ni ɗinki nake yi, kekena a bakin ƙofa, babu mai wucewa ban tsokane shi ba. In ta fito da farar rigarta sai in ce likita a taimaka, zuciyata na bugawa. Sai ta ce ranar da ta daina in zo, ta wuce abinta.

Wata la'asar na tarar da ita zaune a kan matakala, ko takalmi ba ta cire ba. Da ƙyar na tatso zancen: ta faɗi jarrabawar gwajin aiki. Ashe wani mutum-mutumin roba suke kwantarwa a gado, wai shi ne majinyaci. Dole ka gaishe shi, ka faɗa masa ko kai wane ne da abin da za ka yi masa, ka nemi izininsa, sannan ka taɓa shi. Ita kuwa ta wanke hannu, ta juya shi, ta canja zanin gado yana kwance, sumul. Malamarsu ta ce ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba, amma har ta gama ba ta ce masa uffan ba. Dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa sallamarta za a yi.

"Baba ba ya amsawa," in ji ta. "Tun ina yi masa magana har na daina."

Na ce ta bar roba ta gwada a kaina, ga ni, ni da bakina ba ya zuwa hutu. Sati biyu kullum da yamma ina miƙewa a katifarta. Ranar farko ta mirgina ni shiru kamar naɗin tabarma, na ce, "Yaya, wankan gawa kike yi ne?" Hannunta ya tsaya cak a kafaɗata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Can ta ce sannu, ya jiki, da wata murya kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Daga nan na zame mata fitinanniyar majinyaciya. In ce ba na son allura, in ce hannunta sanyi, in ce ban ji ba ta maimaita. In ta taɓa ni ba izini in ƙi motsi kamar buhun siminti.

Ranar da sakamakon gwaji na biyu ya fito ta tsaya a gaban kekena da takarda a hannu. Ta ci. Ta ciro waya, ta yi ta latsawa sama da ƙasa, ta mayar jaka.

"Ƙanwata," ta ce, "in mutum ya ci irin wannan, wa yake fara gaya wa?"

Na ture yadin da ke kan benci, ta zauna, na ajiye almakashi.