Ranar da Usur Ya Durƙusar da Yarana

Ko zan manta komai na shekarun koyarwata, ba zan manta da wasan ƙwallon kwando na farko da yarana suka buga da yaran wata makaranta ba. Lokacin ina malamin wasanni a wata firamare kusa da Ƙofar Jatau. Ba ƙaramin fama na sha ba kafin iyaye su yarda, musamman wani dattijo na unguwar Limancin Kona, kakan yaron da ya fi kowa hannu a cikinsu. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, in abin bai yi masa ba, shi ke nan.

Don wasan ya yi armashi, na roƙi wani abokina daga Wusasa ya yi mana alƙalanci. Mutumin kirki ne, amma wasan manya ya saba busawa, na 'yan jami'a masu gardama da zare ido.

Ana jefa ƙwallo sama sai usur. Wannan ya yi tafiya da ƙwallo a hannu, firrr! Wancan ya buga ta da hannu biyu, firrr! Yaran da ba su wuce aji uku ba fa! 

Can jikan dattijon nan ya bangaji wani garin ƙwace. Abokina ya busa da ƙarfi, ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, ya nuna shi, kamar yadda ake yi in an yi keta. Wallahi sai yaron ya saki ƙwallo, ya zube gwiwa biyu a kan siminti, ya miƙa tafin hannunsa yana jiran bulala.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

Kafin in motsa, sauran ma sun bi shi sun durƙusa, har da yaran ɗaya makarantar. Inna lillahi!  Fili ya yi tsit, ƙwallo kaɗai ke gangarawa. Haka aka tarbiyyantar da su a gida: babba ya nuna ka da yatsa, ka yi laifi, ka kai ƙasa.

Usur ya faɗo daga bakin abokina. Ya tsuguna gaban yaron.

"Haba ɗana, wa zai dake ka? Tashi, tashi."

Dattijon ya riga ya shigo fili. Ni ya duba, ba alƙalin ba.

"Malam, wasa ka ce mini ko horo?"

 Ya kama hannun jikansa suka fita.

Abokina ya ƙarasa wasan da usur a aljihu. In yaro ya yi kuskure sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Buga ta ƙasa tukuna." Yara suka sake, har da dariya. Amma jikan dattijon bai dawo ba, duk da sintirin da na yi a zaurensu.

Yanzu ya zama saurayi, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar masallaci saboda tsawo, kuma bai sake taɓa ƙwallon kwando ba. In na gan shi raina yana ɓaci. Tun ranar na gane cewa kafin alƙali ya ɗaga usur, sai ya dubi shekarun wanda zai busa wa. Babba hukunci yake ji, yaro kuwa tsoro.