Jar Albasar Malam Sammani

A ƙauyukan da ke shan ruwan kanal tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce Sammani kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Sammani mai iri kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar gidansa. Gajeren mutum ne, mai saurin faɗa, wanda bai taɓa iya doguwar gaisuwa ba. Shekara arba'in da ɗoriya aikinsa ɗaya ne, fitar da irin albasa. Ba kowace albasa ba, jar nan mai tauri da ya gada wurin mahaifinsa, wadda suke bai wa ruwa da jigo a bakin rafi tun kafin ruwan madatsar Tiga ya iso. In ka yanka ta sai ka yi hawaye kamar an yi maka rasuwa, amma a rumbu tana kaiwa ƙarshen damina ba ta ruɓe ba.

Aikin iri shekara biyu yake ci. Bana ka yafa, ka dasa, ka cire albasa, ka ware masu kyau ka ajiye. Baɗi in sanyi ya shigo ka sare kawunansu ka binne gindin, su tsiro, su yi fure, sannan ka sami baƙar ƙwayar nan. Ita kuma ba ta jiran kowa. Gero kana iya mantawa da shi shekaru, irin albasa kuwa in damina biyu ta wuce a kansa, ya tashi daga aiki. Sammani ya fi kowa sanin haka, don shi ne mai yi wa masu sakaci tatas a bainar jama'a.

Ba wata masifa ce ta faɗo masa ba. Da ita ce ma da sauƙi, da an zo an yi masa jaje. Abin a hankali ya cinye shi. Irin kamfani na gwangwani ya shigo, albasarsa manya-manya, ga saurin nuna, manoma suka koma can ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa Mudassiru, wanda yake sa ran zai karɓi aikin, ya sami adaidaita sahu yana tuƙawa a Kura. Ranar da uban ya yi masa maganar gona, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni wallahi ba zan iya ƙare rayuwata ina jiran albasa ta yi fure ba."

Sai wata ranar kasuwar Bunkure. Sammani ya shimfiɗa buhu ya baza irinsa tun da hantsi. Har la'asar mutum ɗaya ne ya tsaya gabansa, shi ma cewa ya yi, "Baba, don Allah ka kula mini da babur ɗin nan." Ya kula masa da shi kuwa. Da ya koma gida ya juye irin a gora, ya zuba toka, ya toshe bakin, ya rataye a ƙuryar ɗaki. Albasar da ya ware don binnewa ya rabar wa maƙwabta suka yi miya. Gonar kuma ya ara wa Sada, maƙwabcinsa, ya zuba shinkafa.

Daga nan Sammani ya koma mutumin kan kwalbati. Da safe ya fita ya zauna, ya zuba wa ruwan kanal ido yana wucewa gonakin mutane, azahar ya shiga masallaci, ya dawo ya sake zama. Ba ciwo yake yi ba. Ya dai rasa dalilin da zai sa ya ɗauki fartanya, kuma tashi da safe ya zame masa aiki mai nauyi. Faɗan ma ya daina, abin da ya fi tayar wa matarsa Kulu hankali ke nan.

"Malam, ko tsawa ce ka daka mini mana, in san da mutum nake zaune," in ji ta wata rana.

Ya ture kwanon tuwon da bai ci rabi ba. Haka damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce.

Ana cikin girbin shinkafa sai ga Sada ya same shi a kan kwalbatin, ya tsuguna ya gaishe shi.

"Baba Sammani, albasar da na ajiye ta narke a rumbu, wari har titi. Ta gwangwani ba ta ajiyuwa. Mu huɗu ne muka yi shawara, jar nan taka muke so. Akwai saura?"

Sammani ya miƙe zumbur. Ko sallama bai yi ba ya nufi gida da sauri, har hularsa tana neman faɗuwa. Ya sauke gorar, ya ɗebi ƙwaya ɗari daidai kamar yadda ya saba, ya jera su a jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe ya ajiye a gindin randa. A da, in tamanin ba su tsiro ba, ba ya sayar wa kowa.

Kwana huɗu, shiru. Kwana takwas ya warware tsumman, ba ko ɗaya, sai furfurar ruɓa da ta kama su. Ya ce ƙila ruwan ne ya yi yawa, ya sake jera wasu ɗari. Su ma haka.

Ya zauna da tsumman a cinyarsa. Abin da mahaifinsa ya riƙe cikin fari da yunwa bai bari ya ɓace ba, shi Sammani ya kashe shi yana zaune lafiyarsa lau a kan kwalbati. Ya so ya ɗora wa gwangwani laifin, ya so ya ɗora wa Mudassiru, amma ya san hannun da ya rataye gorar. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya. Ya je ya gaya wa Sada a tsaye, "Babu. Ya mutu." Bai jira amsa ba ya juyo.

Ya shigo gida rana tsaka, Kulu tana bakin murhu tana haɗa miya. Bai kai ɗaki ba wani yaji ya soki idonsa. Ya tsaya cak. Ya san wannan yajin kamar yadda ya san muryar mahaifinsa.

"Tsaya! Kulu, ajiye wuƙar nan!"

Ta firgita, don rabon da ta ji tsawarsa an daɗe. A hannunta akwai 'yar jar albasa, ta riga ta sare kanta.

"Ina kika samo wannan?"

"A gorarka mana. Bara na ɗebi kaɗan na watsa a bakin rariya, ta kasuwa ba ta yi mini daɗi a miya. Kwando guda na samu, ita muke ta ci, kai dai ba ka kula da abin da ke shiga bakinka."

"Nawa suka rage?"

Ta jawo kwandon ta karkata masa. Biyu ne, sai ta ukun da ke hannunta. Ƙanana, ba su fi ƙwan kaza ba.

Sammani ya karɓe su yana juyawa. In Allah ya sa sun yi fure, abin da za su bayar bai wuce cikin cokali ba. Kafin cokali ya zama abin da zai ishi Sada da abokansa, sai an yi shekara huɗu ko fiye. Shi kuwa ya ba saba'in baya, gwiwoyinsa sun fara ƙin tsugunno, kuma ba wanda ke bayansa.

"Malam, guda uku me za su yi maka?" Kulu ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba," ya ce.

Ya duba wadda aka sare, gindinta lafiya yake, daidai inda shi ma zai yanka, nan ta yanka. Ya cire hularsa ya zuba su ciki. Fartanyarsa tana bayan rumbu, gara ta ci rabin ƙotar, haka ya ɗauke ta. Ya fita kansa ba hula, zai je ya roƙi Sada ya bar masa taku biyu a gefen gonar gadon da ya ara masa.

Ranar Kulu ta yi miyarta ba albasa. Ta rufe masa tuwonsa ta ajiye, har la'asar bai dawo ya ci ba.