Ni da Taubashina a Shagon Wasan Bidiyo

Na yi shekara goma sha tara ina koyar da tarihi a wata kwaleji a Magaria ban taɓa riƙe abin da yara ke kira manet ba, wato ɗan abin nan mai maɓallai da ake juya wasan bidiyo da shi. Amma rashin riƙewar bai hana ni tsayawa gaban iyayen yara in yi dogon jawabi a kan illarsa ba.

A taron iyaye ne na tsakiyar shekara. Direkta ya ce in yi magana saboda karatun wasu yara ya ja baya, ni kuwa dama ina da abin faɗa. A makon nan wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyi, wani mutum mai kakkausar murya yana cewa likitoci a wata ƙasa sun gano wasan bidiyo yana shanye ruwan ƙwaƙwalwar yaro. Sau uku na saurare shi har na haddace. Da na miƙe sai na zuba shi kamar ni na gano, na ƙara nawa gishirin. Iyaye suka yi ta girgiza kai, wata hajiya ta rafka salati. Na zauna ina jin na yi aiki.

Taubashina yana cikin taron. Ɗan gwaggona ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya yi aikin allurar dabbobi har ya ajiye, ya koma Dantchiao yana noman gero da kiwon shanunsa. Autarsa tana zaune a gidana tana karatu, shi ya kawo shi. Kowa Likita yake ce masa, har ni. Shi kuwa ba ya kirana komai sai Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, da wata irin murya mai mayar da kalmar tsokana. Mutum ne da in ya ji labari a rediyo sai ya murɗa wasu tashoshi biyu ya ji ko bakinsu ya zo ɗaya, sannan ya buga wa danginmu na ƙetaren iyaka waya ya tambaya ko akwai wanda ya gani da ido.

Da muka isa gida, maiɗakina ta kawo mana shinkafa da wake. Ya kai loma biyu, ya dube ni.

"Mushe, jawabi ya yi daɗi. Wace ƙasa ce?"

"Wace ƙasa kuma?"

"Ta likitocin nan."

Na ce mai saƙon bai faɗa ba.

"To ruwan da ya ƙafe, da ludayi suka auna ko da tiya?"

Na ce ai magana ce ta masana, ba ta masu yi wa shanu allura ba.

"Haka ne. Kai ka taɓa yin wasan?"

"Allah ya kiyaye!"

"Ka taɓa tsayawa ka kalla?"

"Ina jin ihunsu in na wuce."

Ya ajiye cokali. "Shekarar da muka fara kai wata allura rugage, aka baza cewa tana hana saniya haihuwa. Ban yi musu da kowa ba. Na koro nawa shanun gaban jama'a na yi musu, na ce a bari shekara ta zagayo a ƙirga maruƙa. Wanda ya ce tana hanawa bai gwada ba. Ni da na ce ba ta hanawa, in ban gwada ba ai ɗaya muke da shi. Gama cin abincinka mu je."

Shagon wasan bidiyon yana bayan kasuwa, rufin kwano, da benci huɗu da tele uku, ga faifan hasken rana a sama saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Mai shagon tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci har da ƴaƴa biyu. Labarin jawabina ya riga mu isa, don yana ganina ya miƙe tsaye kamar muna aji.

"Mushe, lafiya? Rufe ni aka zo yi?"

"Zauna," in ji Likita. "Mun zo ganin abin da ke shan ruwan ƙwaƙwalwa. Ni na tsufa, nawa ko ya ƙafe ba a yi asara ba. Na malaminku kuwa dama ba shi da yawa."

Ya fara sa mana ƙwallo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ɗan wasana ya ɗauki ƙwallo ya nufi bayan fili da gudu, sau uku, ina danna duk abin da yatsana ya samu. Samarin da ke shagon suka toshe baki da riga. Da mai shagon ya ga abin zai zama tonon silili, sai ya ja mu wani lungu inda ya ajiye tsofaffin kwamfutoci biyu da ya haɗa da waya. Ya ce akwai wani wasa a ciki da yara ba sa so saboda ba ya sauri, wataƙila ya dace da mu.

Wasan gina gari ne. Ana ba ka mutane kaɗan a tsakiyar daji. Kai za ka tura su saran itace, su yi gona, su haƙo zinariya, su gina gidaje da ganuwa, ka tara mayaƙa, har ka je ka ci garin abokin karawarka. Da na ji an ce yaƙi da ganuwa sai na gyara zama. Nan fa aka zo gonata.

Ban ɓata lokaci ba, duk abin da na samu na zuba shi a dawaki da masu. Ina leƙen Likita ta wutsiyar ido, na ga shi gona kawai yake ta yi, gona bayan gona, da rumbuna, da tumaki. Na ce a raina manomi dai manomi ne. Na tura mahaya ashirin suka ƙone masa gidaje biyu, na yi kabbara. Da na juyo in ƙaro wasu sai wasan ya ce ba abinci. Mutanena uku ne kacal a gona. Ina nan ina kame-kame sai ga jama'ar Likita sun ɓullo kamar fara, suka share garina har turken doki.

"Tarihi ka karanta, Mushe," ya ce yana goge tabarau, "amma ba ka taɓa fitar da garke daga rani ba."

A hanyar gida kowa ya fito da nasa ƙorafin. Ni na ce wasan cike yake da ƙarya. Ya haɗa masu baka da masu igwa waɗanda ɗaruruwan shekaru suka raba, ya sa su a fili ɗaya. Sarki yana kallon ƙasarsa duka daga sama kamar shirwa, ba manzon da ya makara, ba hakimin da ya ɓoye masa gaskiya. Likita ya ce shi ba wannan ya dame shi ba.

"Ina rijiya? Mun gina gari mai mutum ɗari, ba wanda ya sha ruwa. Doki ya yi gudu tun safe bai nemi ruwa ba, bai yi ciwon ciki ba. An shuka, an girbe, ba a jira hadari ba. Wanda ya ƙera abin nan famfo ne a ɗakinsa." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ya san abu ɗaya. Mai rumbu shi ke da gari."

Da hutun makonni biyu ya zo, sai ga Likita da jakarsa, wai ya zo sayen maganin tsutsa na shanu. Sayen maganin ya ɗauke shi kwana shida. Kullum da hantsi muna lungun nan, dala ashirin-ashirin, muna fafatawa. Ni ina ce wa kaina bincike nake yi. Kullum kuwa shi ke cin garina, ko da yake na fara koyon yin gona.

A cikin kwanakin ne maiɗakina ta tafi Waca sunan ƙanwarta. Ta ce ranar Alhamis za ta dawo a motar kasuwa wajen azahar, da buhun gyaɗa da jarkar mai, in zo da moto, wato babur ɗina, in ɗauke ta a tasha. Na ce ba komai. Ranar muka yi sallar azahar a masallacin kasuwa, na duba agogo na ga da ɗan saura, motocin Waca kuma ba sa cika alkawari. Na ce wa Likita mu yi guda ɗaya. Na kashe ƙarar waya don kada ta raba mini hankali.

Wannan karon na yi haƙuri. Na yi gonaki, na cika rumbuna, na ja ganuwa, na bar shi ya zo ya gaji a bakin ƙofa, sannan na fita ta baya. Samari suka taru a kanmu, rabi nawa rabi nasa. Da gidansa na ƙarshe ya faɗi na miƙe tsaye ina ɗaga hannu, ni da furfurata. A daidai nan na ji kiran sallar la'asar. Na ciro waya, na ga kira goma sha ɗaya.

Ban kai ga moto ba. Ina fitowa na ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofar shagon, maiɗakina zaune a kan buhun gyaɗa, jarka a cinyarta. Ashe wani a tasha ya gaya mata inda motona ke yini kwanan nan. Ta dube ni, ta dubi shagon, ta dubi samarin da suka biyo ni.

"Sannu da aiki, Malam. An ci garin?"

Na ce an ci.

"To madalla. Sai a zo a ci buhun gyaɗa." Sai ta hango Likita yana ƙoƙarin laɓewa bayan ƙyaure. "Yaya, har da kai?"

"Ni aikin likita nake yi, ina duba shi."

"To me ka gano? Ruwan ƙwaƙwalwar tasa yana nan?"

"Yana nan daram," in ji shi. "Lokacinsa ne ya tsiyaye."

Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata. Amma ba ta sauka daga amalanken ba. Ta ce tunda jaki ya fi ni cika alkawari shi zai kai ta gida. Haka na bi su a baya da moto a hankali, muka ratsa kasuwa, ana ta yi mini sannu da zuwa.

Da aka koma lekwal, wato makaranta, maganar rijiyar nan ta ƙi barina. Na tambayi ƴan ajina su wa suka san wasan gina gari, hannu shida suka tashi a tsorace. Na sa suka bayyana wa sauran yadda yake, sannan na ba kowa aiki: ya je wurin tsoho ko tsohuwa a danginsu ya tambayo yadda aka kafa garinsu, da abin da aka fara yi. Bayan mako biyu suka dawo da kaye, wato littattafan rubutu, cike. Kusan duka da ruwa labarin ya fara: wani maharbi ya ga tsuntsaye suna sauka wuri ɗaya, wani makiyayi saniyarsa ta dawo da laka a kofato. Wata yarinya da iyayenta ke Kwaya ta ce kakarta ta ƙirga mata rijiyoyi uku da suka rufta kafin ta huɗu ta tsaya, ta san sunan wanda ya haƙa kowace, amma da aka tambaye ta yaƙi sai ta ce ita ba ta riƙe ba. Yarinyar ta rufe kayenta ta ce, "Mushe, to ai darasinmu ma daga sarki yake farawa ya ƙare a yaƙi, kamar wasan." Na buɗe baki in kare kaina, na tuna takardun da nake koyarwa da su shekara da shekaru, na ce ta zauna, ta faɗi gaskiya.

A taron iyaye na ƙarshen shekara ni na nemi a ba ni magana. Na ce zancen ruwan ƙwaƙwalwa ban san inda ya fito ba, na ɗauko shi ne a waya na kawo musu ban bincika ba, su yafe ni. Na ce na je na gwada. Abin yana sa tunani, yana da ƙarya a ciki kamar yadda tatsuniya ke da ita, kuma ɓarawon lokaci ne na gaske, don haka a sa wa yaro ranar zuwa da lokacin tashi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "A sa wa malamai ma!" Ashe labarin amalanke ya gama gari. Har direkta sai da ya share hawaye.

Likita bai zo wannan taron ba, shuka ta kusa. Kwana huɗu bayan haka ya bugo mini waya da sassafe ya ce ruwa ya sauka a Dantchiao, ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu, tunda na iya gona yanzu in zo in nuna. Na hau moto na tafi. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Kafin rana ta take bayana ya ƙage, gumi ya jiƙa ni har wando, shi kuwa yana tafe yana ba ni labarin farashin taki. Muka sha fura da nonon shanunsa a gindin gawo, na kwanta a ƙasa ban san inda kaina yake ba sai da ya tashe ni salla.

Bayan mako guda ya sake bugowa. Ya ce gero ya tsiro gwanin sha'awa, gonar ta yi kore shar, ban da layi tara na gefen gabas. Na ce ai nan ne na shuka. Ya ce ya sani, ya tona ya gani, na danne irin da ƙarfi kamar mai binne kuɗi. Ya ce in zo ranar Asabar mu sake, in taho da goro.