Na Ɓoye Faɗuwar Jikana Shekara Uku

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Kwaya. Ban yi karatu ba, ƴar ƙanwata ke rubuta mini wannan, ina faɗa ina share hawaye. A wancan lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Abin da ke sanyaya mini rai shi ne jikana, wanda aka sa wa sunan marigayi mijina. Bakina ba ya iya kiran sunan, Maigida nake ce masa, shi kuma ya riƙa tsokanata wai ya sake ni tunda haƙorana sun zube.

Wata kaka, yana shekara biyar, na ɗora shi bisa harawar gyaɗa a amalanke, alhali uwarsa ta hana. Jaki ya zabura, yaro ya faɗo da goshi, ya suma. Na yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, na shafa masa man shanu, na ce wa uwar ƙofa ce ta buge shi. Daga nan halinsa ya sake. Abu kaɗan sai ya fasa ƙwarya, ya ciji ƙannensa, har mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya kore shi. Mutanen gari suka ce ai sunan ne ya bi shi, tunda marigayi mai zafin zuciya ne. Na gyaɗa kai. Na bari aka ɗora wa mijina laifi yana kabarinsa, ɗana kuma yana zane yaron da bulala wai zai cire masa gadon.

Bayan shekara uku, ranar da ya faɗi yana karkarwa, likitan Magarya ya tura mu Damagaram a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitan can ya nuna mana wani ɗan tabo a bayan goshi, ya ce wurin ne ke taimakon mutum ya riƙe fushinsa, ya tambaya ko yaron ya taɓa buguwa a kai. Ɗana ya ce a'a. A nan na fashe da kuka, na faɗi komai. Surukata ta sunkuyar da kai, ta ce tun ranar ta sani, don ta tsinci ganyen harawa a cikin sumarsa, nauyina ne ya hana ta magana. Ɗana ya ce in daina kuka, hannunsa ne ya yi dukan, ba nawa ba.

Likita ya ce ba ƙari ba ne, kuma ƙwaƙwalwar yaro tana kan girma. Ya ba da maganin faɗuwar, ya hana duka. Alhamdu lillahi, faɗuwar ta tsaya, ya koma lakwal. Yana fushi har yanzu, amma ya koyi ya je bayan rumbu ya zauna sai ya huce.

Ƴan'uwana tsofaffi, mu ke renon jikoki. In yaro ya bugu a hannunki, ki faɗa a ranar, a kai shi likita. In halinsa ya sake farat ɗaya, kada a ce gado ne. Ni kunyar wuni ɗaya na guda, jikana ya sha bulala shekara uku.