Mai Shinshinar Ƙasa

Gunvor tana tsaye a bakin ramin da aka haƙa a lambunta, can gefen garin Hamar. An ciro tsohon tankin man ɗumama gida, shekararsa arba'in a binne, duk ya yi tsatsa. In har ya yi yoyo, sai an kwashe ƙasar lambun kaf, har da itacen tuffar da marigayi mijinta ya dasa.

Ɗan kwangilar, Halvard, dogo ne mai furfura, kunnuwansa jajir saboda sanyi. Tun safe kalmominsa ba su kai goma ba. Tana rayawa a ranta ɗan manoma ne, ganin yadda yake kewaye shukokinta ba ya taka ko ɗaya.

Ga na'urar gwaji a aljihunsa, amma sai ya sauka ramin, ya cire safar hannu, ya damƙi ƙasa ya murtsuke, ya kai hanci yana lumshe ido.

"To, yaya?" in ji ta.

"Ƙasa ce zalla, Gunvor. Za mu gwada, amma hancin nan bai taɓa ba ni kunya ba." Ya ɗaga kai ya dubi itacen. "Bana ma sai kin rasa yadda za ki yi da tuffa."

Sai yanzu ta tuna, tun safe ko kofi ba ta ba bawan Allahn nan ba.