Layi Ɗaya a Gaban Malamina

Wanda ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta malaminmu ne na lissafi, a wata sakandaren coci a Kafanchan. Mutumin Godogodo ne, dogo, mai magana a hankali. Shi ya haɗa wa makarantar shafin intanet ɗin da iyaye ke duba sakamakon yaransu, da ilimin da ya koya wa kansa.

Wata shekara na dawo hutun Kirsimeti daga Abuja, inda nake aiki, sai shugabar makarantar ta tare ni bayan sujada.

"Ɗana, ka zo ka duba mana. Iyaye na danna wurin sauke sakamako, ba abin da ke fitowa. Wasu har daga Gwantu suke hawo mashin su zo tambaya."

Washegari na tarar da malam a ofishinta gaban kwamfuta, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Duba ka gani," ya ce. Ya buga umarni a kwamfutar da hannunsa, takardar sakamako ta fito tsaf. "A nan yana yi. Ta shafi kuwa, shiru. Ba inda ban taɓa ba."

Nan take na gane. Manhajar da ke haɗa takardar, ya ajiye ta a wurin da asusunsa na shiga kwamfuta kaɗai ya san hanyar zuwa. Ita kuwa saba, na'urar da ke ɗauke da shafin, da nata asusun take aiki, kuma idan an kira sunan manhaja, wurare kaɗan aka ce ta duba. Na jawo kibod, na ƙara wurin a cikin hanyoyin da asusun sabar ke bi, na sake tayar da ita. Shugaba ta danna a wayarta, sakamako ya sauka.

"Shi ke nan?" Ta juya ta kalli malam. "Abin da muke ta fama da shi tun da aka rufe makaranta?"

"Ai ƙaramin abu ne, Mama," na ce. Sai da maganar ta fita na ji nauyinta.

Malam ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Da shugaba ta fita, ya matso da kujerarsa.

"Sake nuna mini, amma a hankali."

Na nuna masa. Ya gyaɗa kai. "Ashe ita sabar ba ta san abin da na sani ba."

Bayan sabuwar shekara shugaba ta kira ni, ta ce daga yanzu ni zan riƙa kula da shafin daga Abuja. Na ce mata malam ne ya gina komai, ni layi ɗaya kawai na ƙara.

"Na sani," ta ce, "amma ƙarfinsa ya ragu."

Ban ƙara ja ba, na karɓa. Da na shiga cikin aikin sosai, na ga a kusan kowane sashe malam ya bar bayani da Hausa mai sauƙi, domin wanda zai zo bayansa.

Yanzu ya yi ritaya, yana noman citta a ƙauyensu. Na kai masa ziyara a daminar bara. Ya riƙe hannuna ya zaga da ni gidajen maƙwabta yana cewa, "Ɗalibina ne wannan, ya wuce ni nesa." Matarsa ta kawo tuwon acca. Na ci kaɗan, na ce na ƙoshi.