Kayan Matar Guri

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan laifi ne da ba a yafewa. Inna Bafulatana ce, ko da yake a cikin garin Haɗejiya aka haife ta, ba ta da saniya ko ɗaya, Fulatancinta ma bai wuce gaisuwa ba. Amma kunyar ɗan fari ta riƙe ta hannu bibbiyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce, “Ina waccan?” In kuwa ina zaune kusa da ita, har gwiwarmu na gogar juna, sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, “Gaya mata ta sauke tukunyar nan.” Ko kallona ba ta yi, sai dai ta kalli bangon da ke bayana. Ƙanwata kuwa, autar gidan, sunanta ya sha kira har ya gaji.

Abin da aka san Inna da shi a unguwarmu shi ne ɗinkin jarirai. Ba sana'a ba ce, barkarta ke nan. Wasu matan su je gidan haihuwa da sabulu ko turmin atamfa, ita ta je da 'yan riguna da hula mai igiya da ta ɗinka da hannunta. Ba ta yarda da keken ɗinki ba, sai allura da zare. Sabuwar atamfa ma ba ta taɓa ta, wai tana cizon fatar jariri, sai tsofaffin zannuwanta da suka sha wanki suka yi laushi. Bakin ɗinkin kuma a waje take barinsa don kada ya gurje yaro, shi ya sa in ka ga jariri a unguwarmu kamar an sa masa riga a bai-bai, ka san hannun Inna ne. Kuma ba ta ɓoye mai kaya. Tana zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya za ta ɗaga riga ta ce, “Wannan na matar mai shayi ne, in Allah Ya sauke ta lafiya.”

Da na samu cikin fari, aka ɗauko ni daga gidan mijina a Malam Madori aka kawo ni gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Tsakiyar damina ce, kogi ya cika ya batse, kullum maganar da ake yi ita ce ruwa ya ci shinkafar wane, ya tashi ƙauyen su wane. Na shigo da ƙaton cikina ina haki, Inna ta dubi ƙanwata ta ce, “An zo lafiya?” Shi ne maraban da na samu.

Ban daɗe ba na lura da wata farar kwalla mai murfi da take turawa ƙarƙashin gado duk lokacin da na ɗaga labule. Ɗinki take yi kullum, amma ta daina shela. Sai na zuga ƙanwata, wadda dama ba ta bukatar zugi mai yawa.

“Inna, wai wannan 'yar rigar ta wa ce?”

Inna ta ciji zare, ta tofar, ta ce, “Ta wata mata ce.”

“Wace mata?”

“A Guri take. Ba ki san ta ba.”

Na toshe baki da gefen mayafi. Inna ba ta taɓa taka Guri ba. Matar da ko gadar kogi za a haye da ita a mota sai ta runtse ido tana salati, ita ce ta yi ƙawa a cikin fadama.

Daga ranar matar Guri ta tare a gidanmu. Ni na fara aiko da saƙonta. Na ga Inna ta yanka wani jan ƙyalle, sai na yi miƙa na ce wa ƙanwata, “Na ji an ce matar Gurin nan ba ta son ja, wai yana sa mata jiri.” Inna ba ta ɗago ba. Washegari jan ya ɓace, shuɗi ya maye gurbinsa. Na ce matar Guri ta je asibiti an haska cikinta, an ce yaron babban kai gare shi. Inna ta yi tsaki ta ce masu haska abin da Allah Ya rufe ba su da aikin yi, amma da yamma na gan ta tana farke hula tana ƙara mata faɗi.

Ashe ita ma ta samu hanya. Wata rana ina shan ruwan ƙanƙara a tsakar gida, sai ta ce wa ƙanwata, “In kin ga mai zuwa Guri, ya gaya wa matar nan ta rage shan ruwan sanyi. Kuma ta daina kwanciya rigingine.”

Na ce, “Auta, an ce matar ta ji, amma zafi ne ya yi mata yawa.”

“A ce mata ta jiƙa tsamiya a randa. Kumburin ƙafarta fa, ya saɓe?”

“An ce da sauƙi.”

“To, madalla.”

Wallahi tun da nake ban taɓa yin hira mai tsawo da mahaifiyata kamar wannan ba. Ta bakin matar Guri na ji cewa ita ma haka ƙafarta ta kumbura a cikinta na fari, kuma yalo ta dinga kwaɗayi har sai da aka hana ta. Cikinta na fari ni ce, amma a labarin ban fito ba. Auta tana tsakiya tana kai saƙo tana kawowa tsakanin mutum biyu da ke kan tabarma ɗaya, in dariya ta ci ƙarfinta ta ruga kicin.

Da mai hankali ce ni, da na tsaya a nan. Amma ni akwai abin da nake so, kuma ba riga ba ce, don mijina ya riga ya cika akwati da kayan kanti. So nake sau ɗaya tak Inna ta miƙo min abu ta ce, “Ungo, naki ne.” Na ji ta faɗa wa matar mai shayi, na ji ta faɗa wa matar liman da duk wata mai jego a unguwa. Ina kishin kowaccensu, har matar Gurin da ni na raine ta na fara jin haushinta.

Sai ga dama ta kawo kanta har gida. Wata hantsi aka yi sallama, wata siririyar mata ta shigo da kwandon bandar tarwaɗa a ka, ciki ya yi mata tsini a gaba, haihuwa yau ko gobe. Ta sauke kwando ta durƙusa, ta yi gaisuwa irin ta mutanen fadama.

“Wushe, wushe. Ina kwananku? A sayi kifi.”

Inna ta amsa ta fara juya kifi tana sunsunawa. Ni kuma bakina ya ƙi zama.

“Baiwar Allah, daga ina?”

“Daga wajen Guri muke. Ruwa ne ya taso mu, muna nan bayan kasuwa gidan ƙanin maigidana.”

Na ji wani daɗi ya taso min tun daga babban ɗan yatsa. Na tafa hannu na ce, “Allahu akbar! Inna, ga ta nan ta zo da ƙafarta, an hutar da ɗan aike. Auta, ɗauko kwallar nan a ba mai kaya kayanta.”

Lissafina mai sauƙi ne. Inna ta yi wata da watanni tana tsikarar yatsunta a kan kayan nan, ba za ta ba baƙuwa ba. Dole ta ce, “A'a, waɗannan na waccan ne.” Ko “waccan” ɗin ma na ji, ya ishe ni.

Inna ta ajiye kifin. Ta ɗago ta kalle ni, ni ɗin kaina ba bango ba, kallo mai tsawo har sai da na ji ɗan cikina ya motsa. Sannan ta tashi da kanta ta shiga ɗaki ta fito da kwalla. Ta buɗe, ta zare wani dogon abu naɗaɗɗe daga ƙasa ta cusa ƙarƙashin cinyarta, ta juye duk sauran a cinyar mai kifi. Shuɗiyar rigata, hular babban kai, ɗan matashin audugar rimi, komai.

“Ungo, naki ne,” in ji ta. “Allah Ya raba lafiya.”

Kalmar da nake nema ke nan, a gabana aka ba mai kifi.

Matar ta dubi Inna, ta dubi kayan, ta ce, “Hajiya, kin san ni ne?”

“Na daɗe da labarinki. An ce ba kya son ja.”

Baiwar Allah ba ta gane komai ba, sai kawai ta fashe da kuka. Ta ce ɗan abin da ta tanada duk ruwa ya tafi da shi, ko tsumman da za a naɗe yaro ba ta da shi. Ta dinga sa albarka har muryarta ta dushe, ta ƙi karɓar komai a kan kifin da aka zaɓa. To wa zai buɗe baki ya ce a dawo da kaya? Na zauna ina murmushin dole, ina cewa amin, amin. Da rana aka yi miyar kifin, na ci ina hawaye, na ce yaji ne.

Matar Guri ta tafi da kayanta, hirarmu ma ta bi ta. Aka koma “gaya mata” da “ina waccan”. Kwalla ta zauna a buɗe a tsakar ɗaki, wayam, inda dole in gan ta. Haushi ya sa na ce ai ɗinki ba wahayi ba ne. Na yanka tsohon zanina na yini ina fama, na fito da wata aba mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, wuyanta kuwa ko lemon tsami ba zai wuce ba. Na bar ta a kan tabarma da gangan. Inna ta ɗaga ta da yatsu biyu, ta juya ta, ta ce, “Auta, wa ya ɗinka wa zabuwa riga?” Ta zauna tana farkewa tana mita, wai ba don kowa ba, don kada a yi asarar zani.

Allah Ya sauke ni lafiya, namiji, kuma kan nasa babba ne kamar yadda aka haska. Nan fa Inna ta samu sake, don jika babu kunya a kansa, abokin wasa ne. Ta ɗauke shi ta ce ga mijinta ya iso, mummuna, bai kawo ko kuɗin cefane ba. Ta shiga ɗinka masa riguna a fili, tana ɗagawa tana shela, “Wannan na maigidana ne.” Ni kuwa da na haife shi, ta ƙona ni da ruwan wankan jego safe da yamma, ta ɗura min kunun kanwa, duk ba tare da ta kalli fuskata ba. Na ce shi ke nan, an ba mai kifi, an ba jinjiri, ni ce dai ba ni da rabo.

Ranar da na yi arba'in za a mayar da ni Malam Madori, mota na jira a ƙofar gida. Na ɗora yaron a baya na ja zani, ina laluben tawul ɗin kanti da zan ɗaure a kai. Sai na ji an fizge tawul ɗin. Inna ce a bayana, da dogon abin nan da ta ɓoye ranar mai kifi. Majanyi ne na farin saƙi, an haɗa shi ƙwarya-ƙwarya da ƙananan ɗinki, bakinsa da tuntaye shuɗɗa. Ta tallafi ɗuwawun yaron da shi, ta zagayo gabana ta ɗaure min a ƙirji da hannunta.

Riga da hula na jariri ne, kowane jariri zai iya sawa. Majanyi kuwa jikin uwa yake bi. Ni ba ƙaramar mace ba ce, jego kuma ya ƙara ni, duk majanyin kasuwa da aka gwada min sai da ya gaza. Wannan ya zagaye ni ya ɗauru cif, bai rage ba bai yi saura ba. Da mai kifi aka ba, sai ya zagaye ta sau biyu.

Na ce, “Inna, yaushe kika auna ni?”

Ta leƙa ta kafaɗata, ta gyara wa yaron hula, ta ce masa, “Kai, maigida. Gaya wa matar nan tun tana kamar kai nake kallonta, ita ce dai ba ta waiwaye. Kuma ka ce mata wannan nata ne, ta bar ni in huta.”

Auta ta buɗe baki za ta isar da saƙo kamar yadda ta saba. Na ce mata ta bari, na ji. Na so in ce ban ji da kyau ba a maimaita, har na shirya maganar, sai kuma na fasa. Direba ya yi ta danna ham a waje, Inna kuwa tana nan tsaye, hannunta a kan ƙullin majanyin, tana ƙara jan abin da ya riga ya ɗauru.